A Daidaita Siffar Bidiyo Kafin a Auna Yaro da Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu a kan wani al'amari da ya shafi duk mai amfani da manhajar nazarin bidiyo, musamman masu horar da matasa ƙwallon ƙafa da guje-guje. Al'amarin shi ne yadda ake tara guntayen bidiyo masu siffa daban-daban, wani mai faɗi, wani a tsaye, wani kusan murabba'i, a zuba su cikin manhaja ɗaya, a tilasta musu cika allo ɗaya, sannan a auna gudun yaro ko tsallensa ko lanƙwasar gwiwarsa a kansu. Abin da nake so in tabbatar shi ne, duk awon da aka yi a kan hoton da aka ja ko aka matse awon banza ne, komai tsadar manhajar kuma komai kyan lambobin da ta fitar, kuma gyaran matsalar bai fi ƙarfin kowa ba matuƙar an san inda take ɓuya.

Ni mazaunin Jidda ne, kuma da yamma ina horar da yaran unguwa ƙwallon ƙafa, yawancinsu 'ya'yan Hausawa da aka haifa a nan. Abokan aiki daga Makka da Madina, da wasu daga Kano da Jos da Damagaram, har da 'yan'uwanmu na Sudan, sukan turo mini bidiyon yaransu domin in duba in faɗi ra'ayina. Burin yaran nan yana da tushe. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasa uku masu sunan Hausawi ne a tawagar Saudiyya, wato Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. A wannan shekarar ce kuma Ahmed Musa ya koma Al-Nassr ta Riyad. Ga gasar cin kofin Asiya ta 2027 da ta duniya ta 2034, duka an ba ƙasar nan ta karɓi baƙuncinsu, don haka idon iyaye da na yara yana kan ƙwallo. A yau bidiyo kan riga yaro isa gaban masu neman 'yan wasa, kuma sau da yawa a kan bidiyon ake yanke shawarar ko za a kira shi gwaji ko a bar shi. Shi ya sa nake ɗaukar wannan batu da muhimmanci.

Kowane bidiyo yana da gwargwadon faɗi da tsayi, wanda ake rubutawa da lamba biyu. Tsohon talabijin ɗin da muka taso muka tarar a gidajenmu 4:3 ne, ma'ana idan faɗin allon taku huɗu ne to tsayinsa taku uku ne, kuma ya gaji wannan siffa daga finafinan silima na farko tun ƙarshen ƙarni na 19. Da talabijin ya fara janye wa silima 'yan kallo a Amurka, sai masu silima suka faɗaɗa majiginsu, aka fito da tsarin faffaɗan hoto mai suna CinemaScope a 1953, wanda daga baya ya zauna a kan 2.35:1. A shekarun 1980 wani injiniya mai suna Kerns Powers ya kawo shawarar 16:9 a matsayin tsaka-tsaki tsakanin tsohon talabijin da faffaɗan majigi, kuma ita ce siffar da talabijin na zamani da YouTube suke kai. Sai wayar hannu ta zo ta miƙar da wannan siffa tsaye, ta zama 9:16, wadda TikTok da sitatus na WhatsApp suka saba wa mutane da ita, yayin da Instagram ya fara da murabba'i kafin ya yarda da 4:5 a 2015. Mai nazari a yau yana iya karɓar dukan waɗannan siffofi a kan yaro ɗaya cikin mako ɗaya.

Idan aka kawo hoto mai siffa ɗaya aka ce ya shiga firam, wato iyakar da hoto yake zama a ciki, mai wata siffar, hanya uku ce kawai. Ko dai a ja shi har ya cika firam ɗin, ko a yanke gefensa ko samansa da ƙasansa, ko kuma a bar shi yadda yake a cike gurbin da ya rage da baƙi. Ta farkon ce mafi muni, kuma ita ce mutanenmu suka fi faɗawa cikinta, domin ita ce take ba da cikakken allo ba tare da an ga an rasa komai ba.

Bari in nuna ɓarnar da lambobi, domin kowa ya iya bin lissafin da kansa. Idan aka ja bidiyon 4:3 ya cika allon 16:9, faɗin kowane abu yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, tsayinsa kuma bai motsa ba. Manhajar nazari ba ta san mita ba sai an koya mata, wato sai mai nazari ya ja layi a kan wani abu da ya san tsawonsa ya gaya mata cewa wannan layi mita kaza ne. Mu ɗauka ya ja layin a kan turken raga, wanda yake tsaye, ya ce mita 2.44 ne, sannan ya auna yaron da ke gudu daga hagu zuwa dama. Yaron da ainihin gudunsa mita 7.5 ne a daƙiƙa zai fito da mita 10 a daƙiƙa. Don a gane girman wannan lamba, Usain Bolt da ya kafa tarihin tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, matsakaicin gudunsa a wannan tsere bai kai mita 10.5 a daƙiƙa ba. Za a tura wa mutane wannan sakamako, su kira yaron, su auna shi da agogo a fili, su ga abin bai yi kusa ba, daga nan su daina yarda da duk abin da ya fito daga hannun wanda ya turo. Idan kuma aka juya lamarin, aka matse bidiyon 16:9 cikin firam na 4:3, yaron da yake gudun mita 8 a daƙiƙa zai koma mai mita 6, a ajiye sunansa gefe ba tare da kowa ya san an zalunce shi ba. Wani zai ce to sai a ja layin koyarwar a kwance, a kan layin fili. Hakan zai gyara lissafin gudu, amma sai tsalle ya lalace, domin a hoton da aka ja, tsallen santimita 60 zai karanta 45. Babu layi ɗaya da zai gyara ɓangarorin biyu lokaci guda.

Ɓarnar da ke kan kusurwa ta fi wannan wuyar ganewa. Layin da ya karkata digiri 45 daga ƙasa zai karanta kusan 37 a hoton da aka ja daga 4:3 zuwa 16:9, ya karanta kusan 53 a wanda aka matse. Gwiwar da ta lanƙwashe digiri 90, idan cinya da ƙwauri duk sun karkata daidai da juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, za ta karanta kusan 74 a hoton da aka ja. Amma idan cinyar tana kwance sosai ƙwaurin kuma yana tsaye sak, wannan digiri 90 ɗin zai fito 90 cif. Ma'anar wannan ita ce kuskuren yana sauyawa daga hoto zuwa hoto a cikin bidiyon gwargwadon yadda ƙafar ta juya, saboda haka ba zai yiwu a ce a ƙara digiri kaza a kan kowane sakamako a huta ba. Wannan yana da haɗari ga yaron da ke murmurewa daga rauni, wanda ake bin lanƙwasar gwiwarsa mako bayan mako domin a san ko ya isa komawa fili. Idan bidiyon makon jiya daga waya ne, na wannan makon kuma daga tsohuwar kyamara da aka ja hotonta, za a ga ci gaban da babu shi, ko a ga koma-bayan da babu shi.

Misalin abin shi ne telan da ya auna tsawon mutum da tef ɗaya, ya auna faɗin ƙirjinsa da wani tef wanda incinsa ya fi na farkon gajarta, ya rubuta duka a takarda ɗaya. Lambobin suna nan a rubuce tsaf, amma rigar ba za ta zauna a jiki ba. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, kuma saboda wannan amana da muke ba ido ne mutum ba ya tuhumar bidiyo, balle idan kwamfuta ta ɗora masa layuka masu launi da lambobi. Ido kuma yana saurin sabawa. Wanda ya daɗe yana kallon talabijin ɗin da aka ja hotonsa yakan daina lura cewa fuskokin mutane sun yi faɗi.

Yankewa ba ta ɓata siffar abin da ya rage, don haka ta fi ja sauƙin laifi, sai dai tana zubar da hujja. Idan aka yanke 16:9 ya koma 4:3 an rasa kashi 25 cikin 100 na hoton, idan kuma aka yanke bidiyon tsaye ya cika faffaɗan allo, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A ƙwallo, abin da ke gefe sau da yawa shi ne labarin: ɗan bayan da ya tsaya ya hana satar gida, ko abokin wasan da ya buɗe wanda yaron bai ba shi ba. A bidiyon tsaye kuwa ƙafafu ko kai ne suke fara fita, waɗanda su ake son aunawa.

Cike gurbi da baƙi ita ce hanyar da nake goyon baya wurin nunawa, domin ba ta ƙara komai ba kuma ba ta rage komai ba. Na san masu haɗa bidiyo da yawa ba sa son ta. Suna cewa baƙin gefe yana sa aiki ya yi kama da na ɗan koyo, kuma allo ya tafi a banza, musamman bidiyon tsaye, wanda a kan allo mai ƙwayoyin hoto, wato fiksel, 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, faɗinsa bai wuce ƙwayoyi 608 ba. Hujjarsu tana da ƙarfi idan ana maganar bidiyon biki ko talla, inda kyan gani shi ne manufa. A wurin nazari kuwa manufa ita ce gaskiyar awo, kuma duk wanda ya san aikin ya fi natsuwa da baƙin gefe a kan hoton da ya cika allo ba a san yadda aka yi ya cika ba. Sai dai akwai sharaɗi guda. Baƙin ya zama manhaja ce take sa shi lokacin nunawa, kada a narkar da shi cikin fayil ɗin. Bidiyon tsaye mai 1080 da 1920 idan aka narkar da shi cikin faffaɗan firam ya koma 608 da 1080, idan kuma wani ya ɗauki wannan ya sake ɗora shi a sitatus, wanda yake a tsaye, sai ya koma kimanin 342 da 608, baƙi ta sama da ƙasa da gefe biyu, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙwayoyin hoton asali ke nan. Irin wannan bidiyo yana zuwa mini a kai a kai, yaron ya zama ɗan ƙaramin abu a tsakiyar allo, ba a iya bambance idon sawu da takalmi. Haka nan salon da ya yaɗu na cike gefe da dusashen kwafin hoton, yana da kyan gani, amma yakan ruɗa manhajar da ke bin motsi da kanta, domin tana ganin abu na motsi a inda babu kowa.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ɓarna ce da hannun mutum ya yi. Akwai wata wadda take zaune cikin fayil ɗin tun daga kyamara, kuma ita ce ta fi kama mutanen da suke taka-tsantsan. Muna ɗauka cewa ƙwayoyin da suka haɗu suka zama hoto, wato fiksel, kullum murabba'i ne. A wayoyin zamani haka ne, amma a tsofaffin tsare-tsare da yawa ba haka ba ne. Ƙa'idar da aka amince da ita a 1982 domin mayar da talabijin zuwa dijital, wadda aka sani da lamba 601, ta tsayar da ƙwayoyi 720 a kowane layi, shi ya sa a tsarin talabijin na PAL, wanda Najeriya ta bi, faifan DVD da ƙananan kyamarorin kaset na DV suke ajiye hoto a 720 da 576. Idan aka raba waɗannan lambobi za a samu 5:4, wanda bai dace da 4:3 ba kuma bai dace da 16:9 ba. Fayil ɗin yana ɗauke da wata 'yar alama da ke gaya wa na'urar kallo yadda za ta buɗa hoton, zuwa 768 da 576 idan 4:3 aka ɗauka, ko zuwa 1024 da 576 idan 16:9 ne. Manhajar da ba ta karanta alamar ba za ta nuna na farkon a ɗan matse, digiri 45 ya koma kusan 47, wanda ido ba zai kama ba, na biyun kuma a matse sosai, digiri 45 ya koma kusan 55. Faifan VCD, wanda finafinan Hausa suka daɗe suna fitowa a kansa kuma aka naɗi wasannin unguwa da yawa a kansa, yana ajiye hoto a 352 da 288 ana nuna shi a 4:3. Kyamarorin kaset na HDV suna ajiye 1440 da 1080 ana buɗa shi zuwa 1920 da 1080. Duk wanda yake da tsofaffin faya-fayen wasanni yana so ya kwatanta su da na yau, dole ya bi ta wannan mataki.

Na'urorin naɗar kyamarar tsaro sun fi kowa wannan hali. Masu araha da yawa suna naɗa a tsarin da ake rubuta wa 1080N, inda ake ajiye kusan rabin faɗin hoton kawai, 960 da 1080, a buɗa shi ninki biyu wurin kallo. Idan aka ciro fayil ɗin aka buɗe shi a wata manhajar da ba ta san haka ba, kowa zai fito siriri dogo, kuma digiri 45 zai karanta 63. Filayen haya da yawa da yaranmu ke wasa a cikinsu suna da irin waɗannan kyamarori, kuma masu horarwa sukan nemi a kwafa musu wasan daga ciki. A nan lamarin ya wuce ƙwallo. Irin waɗannan kyamarori ne a shaguna da ɗakunan ajiya da bakin gidaje, inda 'yan'uwanmu da yawa suke aiki a matsayin masu tsaron shago da direbobi da masu dako. Ranar da wani abu ya ɓace aka koma kan hoton, fuska ba ta fito ba sai siffar jiki, to bambancin siriri da mai jiki yana iya zama bambancin wanda za a tuhuma da wanda za a bari. Duk wanda zai siffanta mutum daga irin wannan hoto, wajibi ne ya fara tabbatar da cewa hoton yana kan siffarsa ta gaskiya.

Abin da ke sa matsalar ta ɓuya shi ne manhajar kallo da manhajar awo ba lallai su ga fayil ɗaya iri ɗaya ba. VLC, shirin kallon bidiyo, yana karanta alamar ya buɗa hoton, mutum ya kalla ya ga komai daidai, hankalinsa ya kwanta. Amma ɗalibin da ya rubuta nasa shirin da OpenCV, kayan aikin sarrafa hoto na masu gina manhaja, zai karɓi firam ɗin kamar yadda aka ajiye shi, ba a buɗa ba, sai shi ya nemi alamar ya yi gyaran. Haka batun juyawa yake. Wayoyi da yawa idan aka ɗauki bidiyo a tsaye suna ajiye shi a kwance ne, su sa alamar da ke cewa a juya shi digiri 90 wurin nunawa, kuma manhajar da ta yi biris da alamar za ta kwantar da yaron a gefensa, ta mayar da tsallensa tafiyar gaba.

Binciken ba shi da wuya. MediaInfo da ffprobe, manhajojin duba bayanan fayil ɗin bidiyo, kyauta ne, kuma dukansu suna nuna girman da aka ajiye da siffar da ya kamata a nuna. A ffprobe za a ga haruffan SAR da DAR, na farkon siffar ƙwayar hoto ɗaya, na biyun siffar hoton gaba ɗaya. Idan SAR ya nuna 1:1 ƙwayoyin murabba'i ne, idan ya nuna wani abu daban kamar 16:15 ko 64:45 ko 4:3, to a fara mayar da bidiyon zuwa ƙwayoyi murabba'i da manhajar sauya bidiyo kamar FFmpeg ko HandBrake, a yi aiki da kwafin, a adana na asalin ba a taɓa shi ba. Manhajar nazarin motsi ta Kinovea, wadda ita ma kyauta ce kuma masu horarwa da yawa suna amfani da ita, tana da wurin da ake tilasta mata ta nuna hoto a 4:3 ko 16:9 idan alamar fayil ɗin ba daidai ba ce. Amma alama tana iya ɓacewa ko ta yi ƙarya, musamman a bidiyon da ya bi ta hannu da yawa, wanda wani ya riga ya ja shi ya sake ajiyewa da ƙwayoyi murabba'i. A nan sai a koma ga abin da ke cikin hoton. Ragar babban fili faɗinta mita 7.32 ne tsayinta mita 2.44, wato yadi takwas da ƙafa takwas, don haka faɗin ya ninka tsayin sau uku daidai. Idan kyamara tana fuskantar ragar kai tsaye aka auna aka ga huɗu bisa ɗaya, an ja hoton, idan aka ga biyu da kwata bisa ɗaya, an matse shi. Ragar ƙaramin fili ta futsal mita 3 ce da mita 2. Ƙwallon da aka ajiye ba ta motsi ita ma shaida ce, dole ta fito da'ira, amma wadda ke tafiya ba a dogara da ita, domin saurinta kan miƙar da hotonta. Da'irar tsakiyar fili kuwa ba ta da amfani a nan, tun da daga gefe ake hangenta, kullum za ta fito a kwance.

Wurin kwatanta bidiyo biyu gefe da gefe, ƙa'idar ita ce kowane guntu a koya masa nasa ma'aunin daban. Ganin cewa biyun sun zauna a taga mai girma ɗaya bai nuna cewa mita ɗaya a cikinsu tsawo ɗaya ba ce. Idan ana so jikin yaron ya zo daidai a hotunan biyu, a ƙara girman ɗaya ko a rage shi ta faɗi da tsayi tare, da ninki ɗaya, a bar firam ɗin su bambanta.

Matasanmu da ke karatun kwamfuta, a nan da can gida, sun fara gina manhajojin da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gano ɗan wasa da gaɓoɓinsa, kuma ina so su ji wannan da kyau. Yawancin waɗannan tsare-tsare hoto murabba'i suke karɓa, kamar 224 da 224, ko 640 da 640 a dangin YOLO masu gano abubuwa a hoto. Hanyar da ta dace ita ce a rage hoton 16:9 zuwa 640 da 360, a cike sama da ƙasa da layi 140 kowanne, sannan idan sakamako ya fito a cire wannan cikon a mayar da lambobin kan girman asali. Wanda ya cusa hoton cikin murabba'i da ƙarfi ya matse mutanen ciki kusan ninki biyu. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan kama mutane. MediaPipe, tsarin gano gaɓoɓin jiki a hoto, da makamantansa suna ba da wurin kowace gaɓa da lamba tsakanin 0 da 1, ta kwance an raba ta da faɗin hoto, ta tsaye an raba ta da tsayinsa. Idan aka lissafa kusurwa kai tsaye daga waɗannan lambobi ba a fara ninka su da faɗi da tsayi ba, digiri 45 na gaskiya zai fito kusan 61 a faffaɗan bidiyo, ya fito kusan 29 a bidiyon tsaye. Yaro ɗaya ne, motsi ɗaya ne, fayil ɗin kuma lafiyarsa ƙalau, lissafin ne ya ɓata shi.

Ga iyaye da yayye da ke riƙe waya a bakin fili, ba na cikin masu cewa bidiyon tsaye laifi ne. Idan yaro yana tsaye wuri ɗaya, yana tsalle ko yana ɗaga ƙarfe ko yana buga ƙwallon da aka ajiye, riƙe waya a tsaye ya fi, domin jikinsa zai cika hoton daga kai zuwa ƙafa. Idan gudu ne ko wasan ƙungiya, a kwantar da wayar, a kafa ta a kan abu, a daina bin yaron da ita. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a zaɓi siffa ɗaya a zauna a kanta ga kowane irin gwaji, kuma kada a juya wayar bayan an fara ɗauka. Filayenmu na unguwa ragarsu ba ta kan ƙa'ida, don haka a nemi sanda mai tsawon mita ɗaya, yaron ya riƙe ta a tsaye sannan ya riƙe ta a kwance a daidai inda zai yi motsin, na 'yan daƙiƙu a farkon ɗauka. Da wannan mai nazari zai san ma'auni ta ɓangarori biyu, kuma zai gane nan take idan hoton ya jirkice a hanya. Wurin turawa kuma, a tura ta WhatsApp a matsayin dokumen, domin ta haka fayil ɗin yake isa yadda yake ba a sake matse shi ba, kuma kada a turo wanda aka sauke daga Facebook ko aka naɗa daga allon wata wayar alhali na asalin yana nan.

Masu gina manhaja da masu sayar da ita ga ƙananan ƙungiyoyi, haƙƙi ne a kansu manhajarsu ta rubuta wa mai aiki, a fili, girman da aka ajiye da siffar da take nunawa, ta gargaɗe shi idan ya haɗa guntaye masu siffa daban, kuma ja ya zama abin da sai mutum ya nema da gangan kafin ya faru. Ku ma, Malam Edita, kuna da hannu a gyaran, domin jaridu suna ɗora bidiyon da masu karatu suka turo a shafukansu na intanet, kuma matasa daga wurinku suke koyon abin da ya dace. Ina roƙon ku umarci masu haɗa muku bidiyo su bar kowane hoto a kan siffarsa ko da baƙin gefe zai fito, kuma ku ware wani fili a shafin kimiyya inda za a buga hoton raga ɗaya sau uku, a ja, a matse, da kuma daidai, tare da lambobin awonta, domin masu horarwa su yanke su ajiye.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Mai horar da yara ƙwallon ƙafa,
Jidda, Saudiyya.